Yadda ake mayar da tsohon zauren baje koli ɗakunan aiki da masaukin masu fasaha a Jidda

Duk wanda ya san gidajen mutanenmu a Jidda da Makka ya san inda ake aikin hannu: a kan katifa, a bayan ƙofa, ko a saman bene bayan la'asar idan rana ta yi sanyi. Na san mai zayyanar Alƙur'ani da ke ɗora tawadarsa a kan firji don kada yara su zubar. Na san mai ɗinkin hula da idonta ya fara rauni saboda shekara da shekaru tana aiki a ƙarƙashin ƙwan fitila guda. Rusau ɗin da aka fara a unguwannin Jidda a ƙarshen 2021 ya ƙara dagula lamarin, domin masu ɗan shago a Karantina da Sabil sun watse, kowa ya raɓa inda ya samu. Ga kuma gine-gine nan a garƙame: tsofaffin ma'arad, wato shagunan baje kaya, na kayan ɗaki da na motoci, zaurukan da aka taɓa baje koli a ciki, da gidajen dutsen teku da magada suka bar wa tattabaru.

Mu shida muka haɗa kai muka karɓi irin wannan wuri haya, gabansa tsohon ginin dutse, bayansa rumfar ƙarfe da aka ƙara daga baya don baje kaya. Abin da zan zayyana nan daga wannan aikin na koye shi, wani da daɗi, wani da asara.

Dabarar ba yau aka fara ta ba. Da aka tashi daga babban baje kolin duniya na Paris a 1900, wani mai sassaƙa, Alfred Boucher, ya sayi ɗaya daga cikin rumfunan bajen, mai siffar da'ira, ya kwance ta, ya sake kafa ta a kudancin birnin. Ya yanka ta ƙananan ɗakuna kewaye da matakala guda, ya buɗe a 1902. Ana ce mata La Ruche, wato amya, don kowa da raminsa kamar ƙudan zuma. Baƙin masu zane marasa hali, irin su Marc Chagall da Chaim Soutine, sun zauna a ciki da haya kaɗan, kuma har yau ana aiki a wurin. A nan Saudiyya ma an yi. Zauren Fasaha na Yarima Faisal bin Fahad a Riyad, wanda aka gina a shekarun 1980 don nuna zane-zane, cibiyar Misk ta gyara shi, masu fasaha na zaman aiki a ciki. Unguwar JAX a Dir'iyya rumbunan ajiya ne na masana'antu, yau ɗakunan aiki ne, a nan aka buɗe babban nunin fasaha na Dir'iyya a Disamba 2021. A Balad kuwa, wato tsohon garin Jidda, Rubaɗin Khunji, wani tsohon masaukin waƙafi, ya karɓi baƙin masu fasaha a ƙarƙashin Ma'aikatar Al'adu.

Wanda ke son ganin abin da ke faruwa idan aka bar irin wannan gini babu kowa, ya dubi Sawakin, tashar da kakanninmu suka riƙa hawa jirgin ruwa zuwa Jidda. Gininta irin na Balad ne sak. Da aka mayar da harkar jiragen ruwa Bur Sudan a farkon ƙarni na 20, mutane suka tashi, gidajen suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Ba yaƙi ne ya ci su ba, rashin mai buɗe taga ne da mai toshe yoyo. Shi ya sa nake ganin mai sana'a da tsohon gini kowa maganin ɗan'uwansa ne, in dai an bi abin a hankali.

Mataki na 1: A san wa zai shiga

Kafin a fita neman gini, a zauna a rubuta sana'o'in da za a yi a ciki, domin kowace da abin da take nema. Mai zayyana da mai ɗinki haske suke so da shiru. Marini da maginin tukwane ruwa suke so da magudana. Baduku da mai fentin mai aikinsu na da wari, sai da iska. Mai sassaƙa ƙura gare shi da ƙara. Mai hoto na son ɗakin da zai iya duhuntawa. Murabba'in mita 15 zuwa 20 ya ishi mai zane ɗaya, mai zayyana ma rabin haka ya wadace shi. Mu tun ranar farko muka ce ban da walda, saboda katakon da ke jikin ginin.

Mataki na 2: Ginin, da kuma mai ginin

Iri biyu za ku fi cin karo da su. Akwai gidan dutsen teku mai rawashin, wato tagogin katako masu ado da ke turowa waje, akwai kuma zauren kankare ko na ƙarfe na shekarun 1970 da 1980, lokacin da kuɗin mai ya shigo aka yi ta gina ma'arad. Shawarata ga masu farawa ita ce su nemi na biyun. Bai kai na farko kyau ba, amma yana da faɗi, rufinsa na da tsawo, babbar ƙofarsa na shigar da kaya, kuma dokokinsa ba su kai tsanani ba. Balad tana cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO tun 2014, ko ƙusa ba a bugawa a wasu gidajen sai da izini.

Idan ido ya faɗa kan wani gini, a fara da umda, wato mai unguwa, da ofishin dillalan gidaje na kusa. Sannan a nemi ganin sakki, wato takardar mallaka, da ido. A nan yawancin magana ke lalacewa. Tsohon gida kan zama na magada da yawa, wani a Riyad, wani a Masar, wani ma ya rasu ya bar nasa magadan. Kada ku ba wa ɗaya daga cikinsu kuɗi don ya ce shi ne babba. A nemi wakili guda mai wakalar shari'a a rubuce daga sauran. Idan kuma ginin waƙafi ne, da nazirin waƙafin, mai kula da shi, za a yi magana, kuma a karanta sharaɗin wanda ya yi waƙafin, don wani an keɓe shi ga alhazai, wani ga ɗalibai, wani ga mata marasa mai riƙo.

A kan wannan na ƙarshen ina da magana. Wasu rubaɗan har yanzu akwai tsofaffi mata a ciki, cikinsu har da iyayenmu Takari da suka tsufa a ƙasar nan ba su da inda za su. Ginin da sai an fitar da tsohuwa kafin ku shiga, ku bar shi, komai kyansa.

Yarjejeniyar haya a yi ta a manhajar Ejar, ba a takardar hannu ba. Ku nemi shekara 5 ko fiye, tunda za ku zuba kuɗi a ginin wani. Ku nemi wasu watanni na farko ba haya, lokacin gyara. A rubuta wanda zai biya gyaran rufi da harsashi, da abin da za ku iya kwashewa in kun tashi, da yadda za a yi idan hukuma ta karɓi wurin. Ku je baladiyya, hukumar gari, da ƙafarku ku tambaya ko unguwar na cikin waɗanda za a taɓa.

Mataki na 3: Takardu

Lasisin wuri ta manhajar Balady ake nemansa, na kariya daga gobara kuma daga Difa'ul Madani, hukumar kashe gobara. Lasisin harkokin al'adu yana hannun Ma'aikatar Al'adu, wadda aka kafa a 2018, ta manhajarta Abde'a. Idan ginin na tarihi ne, dokar kayan tarihi da tsofaffin gine-gine ta 2014 ta hau kansa, sai an je Hukumar Turas, mai kula da kayan tarihi, a cikin Balad kuwa ofishin shirin Jidda ta Tarihi. A gaya musu gaskiyar aikin da za a yi. Lasisin da aka ba ma'arad don sayar da kujeru bai rufe wurin da ake koyar da yara ko ake kwana ba.

Abu ɗaya da ya shafe mu fiye da kowa: mai iƙama, wato baƙo mai takardar zama, ya zuba kuɗi ya gudanar da kasuwanci da sunan ɗan ƙasa, wannan shi ne tasattur, hukuncinsa na iya kai ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5. Ba abin wasa ba ne. A cikinmu akwai 'yan ƙasa, Hausawi da Fallata da Barnawi. Wanda sunansa ke kan lasisi ya zama shi ke riƙe da wurin da gaske, sauran kuma a tambayi lauya hanyar da doka ta yarda su shiga. Kuɗin lauya na zama ɗaya ya fi arha a kan abin da zai biyo baya.

Mataki na 4: A karanci ginin kafin a taɓa shi

Wata guda cur kada a fasa komai. A share, a buɗe tagogi, a yi ta kallo. A ɗauki hoton kowane bango da kowace taga da kowane rubutu, a ba kowane ɗaki lamba, a auna, a zana taswira ko da da fensir ce. Tsohon allon suna, tayil mai ado, ƙugiyoyin da aka rataye kaya lokacin baje koli, duk a ajiye. Su ne shaidar abin da wurin ya taɓa zama.

Gidan Balad da dutsen manƙabi aka gina shi, dutsen murjani da ake haƙowa a bakin teku da wajen tafkin Arba'in. Dutse ne mai taushi, mai ramuka kamar soso. Bayan kowane 'yan layuka magina kan shimfiɗa katako a kwance cikin bangon, ana ce masa takalil, shi ke ɗaure ginin yana raba nauyi. A waje kuma a yaɓe da nura, wato farar ƙasa da ake samu daga ƙonannen dutse. Wanda ya fahimci wannan ya san inda zai duba.

Tsaga: a shafa ɗan jibis, farin garin filasta, a gicciye kan kowace tsaga, a rubuta kwanan wata a gefe. Bayan mako 4 zuwa 6 a dawo. Idan jibis ɗin ya fashe, bangon na motsi, sai muhandis, wato injiniya. Haka idan bango ya yi ciki ya turo waje, ko ƙasan bene ya lotsa a tsakiya. Kada ku dogara da idon muƙawil, wato ɗan kwangila, a wannan, shi aiki yake nema. A biya muhandisin gini mai lasisi ya rubuta rahoto.

Danshi: a manna leda mai faɗin tafin hannu biyu a bango, a rufe gefunanta da salatif, a bar ta kwana 2. Ruwa a ƙarƙashin ledar na nufin daga cikin bangon yake fitowa. Ruwa a fuskarta ta waje kuwa raɓar iska ce. Farin gari mai kama da kanwa a ƙasan bango gishiri ne da ruwan ƙasa ke haurowa da shi. Ruwan ƙasa a tsohuwar Jidda kusa yake, ga bayyara, wato ramin ruwan banɗaki, da tsofaffin bututu masu yoyo suna ƙara masa.

Gara: a bi katako ana ƙwanƙwasawa da ƙotar sukurdireba. Wanda ya yi amon ganga an cinye cikinsa. A fi duba kan azara, inda ta shige bango, don nan take fara ruɓewa. Hanyar ƙasa siririya a jikin bango alamar gara ce.

A rumfar ƙarfe kuwa a duba tsatsa a gindin ginshiƙai, domin iskar teku na cin ƙarfe. A kankare a duba inda rodi ya kumbura ya ɓantaro siminti. Rufi da silin na wancan zamani wasu da asbestos aka yi su, ƙurarsa na lalata huhu bayan shekaru. In ana shakka, kada a huda, kada a fasa, a kira masu gwaji.

Mataki na 5: A tsayar da ruwa, sannan a yaɓe da nura

Gyara daga sama yake farawa. A toshe yoyon rufi, a gyara gangarensa, a buɗe indararo, a canza bututun da ke zuba, a kwashe bayyara a duba ko tana tsiyaya. Ruwan sama a Jidda ba ya yawan zuwa, amma duk wanda ya ga na Nuwamba 2009 ko na Nuwamba 2022 ya san in ya zo ba ya sallama. Bayan an tsayar da ruwa a bar bangon ya sha iska makonni kafin a rufe shi.

Ga inda muka yi asara. Mun ba wani muƙawil gyaran bangon gaba, na yi tafiyar mako biyu, na dawo na tarar ya shafe shi da siminti sumul, ya bi da fentin roba. Kowa ya yaba. Ba a yi wata takwas ba fentin ya fara kumbura, danshin da a da yake tsayawa daidai gwiwa ya hauro ƙirji, filastar ta riƙa ɓarewa tana ɗauke da fuskar dutsen. Sai da muka biya aka sassaƙe ta da hannu, a hankali, muka sake daga farko. Duk wanda ya taɓa ganin ginin ƙasa a Kano ko Zariya da aka lulluɓe da siminti ya san ciwon: siminti ya fi bangon ƙarfi, ba ya barin danshi ya fita, sai ruwa da gishiri su taru a bayansa su ci ginin daga ciki. Nura kuwa tana numfashi. Danshi na ratsa ta ya bushe, gishirin ya taru a jikinta, ita ta lalace dutsen ya tsira. Yaɓen ana sabunta shi, dutsen ba a mayar da shi.

Yadda ake haɗa ta: a zuba garin nura a durom na ruwa, a dama, a rufe, a bar ta ta jiƙu ta yi kauri kamar kindirmo. Gwargwadon daɗewarta gwargwadon kyanta, makonni sun fi kwanaki. A sa safar hannu da tabarau, tana ƙona fata, a ido kuwa haɗari ce babba. A nemi yashi mai tsafta da aka wanke da ruwan daɗi, ban da yashin bakin teku. Awo 1 na nura, awo 3 na yashi, a cuɗa sosai, ruwa kaɗan. A jiƙa bangon tukuna, a yaɓa shafi ɗaya da bai wuce kaurin santimita 1 ba, a karce fuskarsa don na biyu ya kama. A rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara, a riƙa yayyafa ruwa kwanaki, domin nura ba bushewa ke ƙarfafa ta ba, iska take sha a hankali ta koma dutse. In rana ta busar da ita da wuri sai ta zama gari. Bayan kwanaki a ƙara shafi na biyu. A ƙarshe a bi da ruwan nura mai tsinkewa kamar madara, shafi uku ko huɗu, maimakon fenti.

Kafin a yi bango gaba ɗaya, a gwada a murabba'in mita ɗaya a jira mako biyu. Kuma a nemi tsohon magini da ya taɓa aikin nura, a zaunar da matasa biyu kusa da shi. Rawashin ma haka: a gyara abin da ya karye da katako irinsa, kada a cire a sa alminiyam.

Mataki na 6: A raba wurin ba tare da an ji masa ciwo ba

Ƙa'idar ita ce duk abin da kuka sa ya zama ana iya cire shi gobe ginin ya koma yadda yake. Kada a gina bangon bulo a tsakiyar zaure. A yi firam na katako ko ƙarfe mai tsayawa da ƙafarsa, a rufe da falange. Falange na zuwa da faɗin santimita 122 da tsawon 244, saboda haka a tsara ɗakunan da wannan awon, ba sai an yi ta yanka ana zubarwa ba. A bar saman a buɗe, haske da iska su wuce. A jikin waɗannan sababbin bangaye ake buga ƙusa da rataye aiki, tsohon bango a ƙyale shi. Wasu a sa musu tayoyi, ranar nuni a ture su gefe, zauren ya koma aikinsa na asali na kwana biyu.

Masu nauyi, irin murhun gasa tukwane da injin buga zane da buhunan yumɓu, duk a ƙasa. Benen katako ba a yi shi don su ba. Masu ƙura da wari a kai su ƙarshen ginin inda iska ke fita. A bar fili guda a tsakiya da tabarma da butar shayi, da wurin salla da na alwala. Mata kuma a tambaye su yadda suke so. Namu sun zaɓi ɓangare guda mai ƙofarsa da banɗakinsa, kuma su suka fi kowa cika wurin.

Mataki na 7: Haske, wuta, sanyi, ruwa

Tagar arewa ita ce ta mai zane, haskenta ba ya sauyawa sosai daga safe zuwa yamma, kuma daga can iskar Jidda ta fi kaɗowa. Tagar yamma zafi ce zalla bayan azahar, a sa mata labule ko asabari. Fitilu a sayi LED masu alamar CRI 90 ko sama (ma'aunin yadda fitila ke nuna launi daidai), masu hasken 4000 zuwa 5000 na ma'aunin kelbin. Mai arha na sa shuɗin baba ya koma toka-toka, mai ɗinki ta zaɓi zare da dare, gari ya waye ta ga ba shi ba ne.

Wayoyin wuta a canza su duka. Wasu tsofaffin gine-gine tun zamanin wuta mai ƙarfin 127 aka ja musu waya, yanzu ƙasar na komawa 230. A bi da su cikin bututu a saman bango, kada a sassaƙa dutse don ɓoye su. Kowane ɗaki da makatsarsa da ƙaramar mitarsa, wannan na kashe rigimar kuɗin wuta tun ba ta taso ba. Inda ake taɓa ruwa a sa makatsa mai yanke wuta idan ta zuba, ta miliamfiya 30.

Sanyaya babban zaure mai rufin kwano cinye kuɗi ne. Mu ƙananan ɗakuna uku muka rufe har sama muka sa musu mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, na takarda da na fata da na hoto, sauran fili fanka da iskar taga. Ruwan da mukayyif ke ɗigarwa a ja shi da tiyo zuwa magudana. Na ga bangon da ɗigon mukayyif kaɗai ya ruɓar. A sayi ɗan agogon auna laima a rataye: tsakanin 45 da 60 cikin ɗari ya yi, idan ta daɗe sama da 70 takarda da fata za su yi fumfuna.

A ƙarƙashin wurin wanke hannu a sa bokiti mai tace laka, ruwa ya fara zama a ciki kafin ya wuce, in ba haka ba yumɓu da jibis za su toshe bututu. Tina da ragowar fenti a tara a gwangwani mai murfi, ba a zuba su a magudana.

Mataki na 8: Gobara

Gobara ta sha cin gidaje a Balad, kuma lungunan ba sa shigar da babbar mota. Tsumman da aka goge man fenti da shi, irin man da ake tatsa daga 'ya'yan kittani, idan aka dunƙule shi a kwandon shara yana iya ɗumama ya kama wuta da kansa cikin dare. A tanadi bokitin ƙarfe mai murfi da ruwa a ciki, a kwashe kullum. A sa na'urar jin hayaƙi a kowane ɗaki, tukunyar kashe wuta a kowace ƙofa, a koya wa kowa amfani da ita. Ƙofar fita biyu, ba a jingina komai a kansu. Garwashin turaren wuta da tukunyar gas wurinsu ɗaya, tsakar gida. A rubuta 911 da adireshin ginin da manyan baƙaƙe kusa da ƙofa, don baƙo ba zai iya kwatance ba.

Mataki na 9: Baƙon da zai zo zaman aiki

Larabawa na ce wa abin iƙama fanniyya: a gayyato mai fasaha daga wani gari ya zauna ɗan lokaci, a ba shi ɗaki da kayan aiki da mutanen da zai koya a wurinsu. Mako 6 zuwa wata 3 ya isa. Lokacin da ya fi daɗi daga Nuwamba zuwa Maris. A kauce wa lokacin aikin Hajji, shiga ƙasar na da tsauri a watannin. Watan azumi kuwa Balad da dare take raye, ya dace da ranar buɗe ƙofa ga jama'a.

Wurin kwana ya fi kyau a raba shi da wurin aiki, saboda warin fenti da kuma batun lasisi. Mu shaƙƙa, wato sashen gidan haya, muka kama a kusa, tafiyar minti biyar. Idan baƙuwa ce a tanadi wadda za ta zauna da ita ko gidan da za ta sauka, a yi maganar da iyalinta tun kafin ta taso.

Wajen zaɓe, a nemi hotunan aiki 10 da bayanin abin da mutum ke son yi. Ina roƙon ku karɓi saƙon murya ta WhatsApp da Hausa. Gwanayen da suka fi cancanta, masu aska takwas da masu sassaƙa ƙwarya da masu dagi a jikin fata, da yawansu ba za su cika fom da Turanci ko Larabci ba. Mutum uku su zaɓa, ɗaya daga waje. Ku fara da na cikin ƙasa, daga Madina ko Jizan ko Riyad, don babu batun biza. Wanda zai zo daga Kano ko Damagaram ko Kasala, a tambayi hukuma irin bizar da ta dace da gayyatar. Kada a shigo da mutum da bizar Umra a ce ya tsaya aiki, kun jefa shi kun jefa kanku.

A rubuta yarjejeniya shafi ɗaya: abin da za a ba shi, abin da ake so daga gare shi, misali koyar da yara sau biyu da buɗe ɗakinsa rana guda, da cewa aikin da ya yi nasa ne. Batun zanen abu mai rai a yi shi a fili. A cikinmu akwai mai ƙyamarsa, akwai wanda ba ya ganin laifi. Ku yanke matsayarku ku gaya wa baƙo kafin ya hau jirgi. Sannan a haɗa shi da gwani ɗaya na gari, mai hotonmu da tsohon kafintan rawashin, mai zayyanarmu da malamin haɗɗi, wato rubutun ado na Larabci. Abin da ke fitowa daga irin wannan zaman ya fi abin da ake ratayewa a bango ranar ƙarshe.

Mataki na 10: Kuɗi, maƙwabta, da littafin gini

Kuɗi a kasa shi uku: na haya, na wuta da ruwa da shara, da na gyara. Kashi 1 cikin 10 na duk abin da ya shigo a jefa a asusun gyara, kada a taɓa shi don biki. Hayar ɗakuna ce ginshiƙi, ajin yara na ranar Asabar na taimakawa, akwai kuma Asusun Bunƙasa Al'adu da aka kafa a 2021 ga masu rajista. Tara gudummawa daga jama'a ba tare da izini ba laifi ne a ƙasar nan, ko da a zauren WhatsApp na 'yan uwa ne.

Kafin a buɗe, a je a gai da umda da limamin masallacin unguwa da masu shagunan gefe, a gayyace su shan shayi su ga abin da ake yi. Wani dattijo maƙwabcinmu da ya shigo ranar shi ya nuna mana inda tsohuwar rijiyar tara ruwa take a ƙarƙashin tsakar gida, abin da ba ya cikin kowace takarda, kuma ashe ita ke jiƙa bangon kudu.

A ajiye littafi guda a ƙofa. Ranar farko ta kowane wata mutum biyu su zagaya da shi: su duba jibis ɗin kan tsaga, su ƙwanƙwasa azara, su taɓa ƙasan bango, su karanta agogon laima, su duba ranar ƙarewar tukwanen kashe wuta, su rubuta, su sa hannu. A watan Oktoba a hau rufi a share indararo, a zuba bokiti biyu na ruwa a tsaya a ga inda ya bi. In ya kwanta a wani lungu, a zagaye wurin da alli, a kira magini a makon.